Yadda Ake Tsara Fifikon Intarof da Ayyuka a Kan STM32 da FreeRTOS

Ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da masu haɗa kayan sola a cikin garin Sakkwato, sun yawaita turo tambaya ɗaya da lafazi daban-daban. Mutum ya haɗa na'ura, ya gwada kowane ɓangare shi kaɗai ya ga lafiya lau, amma da ya gama su wuri ɗaya sai na'urar ta fara sandarewa, ko saƙon GSM ya iso a gutsure, ko famfo ya ƙi tsayawa a kan lokaci. Sai a yi ta canja waya da bod, alhali matsalar tana cikin yadda aka raba wa ɓangarorin lokacin furosesa.

Furosesar da ke cikin cif ɗin STM32 guda ce, masu nemanta da yawa. Intarof shi ne kiran gaggawa da ke sa ta ajiye abin da take yi ta amsa shi nan take. Aiki kuma, a wannan jagorar, shi ne kowane sashen kod da ka ƙirƙira da xTaskCreate ko osThreadNew, wanda FreeRTOS, ƙaramar manhajar da ke tsara wanda furosesa za ta saurara, ke ba wa lokaci. Zan bi matakan da misali guda: na'urar lura da famfon borehol mai amfani da sola, irin wadda mai noman rani na albasa a fadamar Wamakko ko Goronyo zai so. Tana lura da karant ɗin mota, wato injin lantarkin da ke juya famfon, tana ƙirga ruwan da ya wuce, tana duba cikar tanki, tana rubutu a kan ƙaramin sikirin, tana kuma aika saƙo zuwa wayar mai gona.

Kayan da za ka tanada

Bod ɗin STM32F103C8T6, wanda aka fi sani da Blue Pill. Gudunsa 72 MHz, RAM ɗinsa 20 KB, filash 64 KB. Sai ST-Link V2 na ɗora kod. Sai ƙaramar lojik analaiza mai ƙafa takwas, ta 24 MHz, mai nuna hawa da saukar wuta a ƙafafun cif, wadda ke tafiya da manhajar PulseView. STM32CubeIDE ta rubuta kod da STM32CubeMX ta saita cif da FreeRTOS da PulseView duk kyauta ne, sai dai sauke CubeIDE yana cin data sosai, don haka in wani abokinka yana da ita a filas ka karɓa.

Ba zan sa farashi a naira ba domin yana bin dala, yau daban gobe daban. Amma jerin tsadar ba ya canjawa: bod da ST-Link su ne masu araha, lojik analaiza ta ɗan ɗara su, osiloskof kuwa ya ninka su duka sau da yawa, kuma ba dole ba ne a nan. In kuɗinka bai kai ka sayi komai ba, ka fifita lojik analaiza a kan sikirin mai kyau. Ka kuma sayi bod biyu a lokaci ɗaya, tun da galibi odar su ake yi daga Legas ko Kano ko waje, kuma in ɗaya ya ƙone kana tsakiyar furojet, jiran wani ya iso zai cinye maka kwanaki.

Hattara: akwai Blue Pill da yawa a kasuwa da cif ɗinsu ba na kamfanin ST ba ne. CubeIDE na iya ƙin ɗora musu kod. Ka gwada ɗora ƙaramin kod mai kunna fitilar PC13 ranar da kayan suka iso.

Masu Arduino Uno su sani cewa ATmega328P ba ta ba da damar canja fifikon intarof. Jerin a kafe yake. Mataki na 3 bai shafe ku ba, sauran sun shafe ku.

Mataki na 1: Rubuta kowane abu da wa'adinsa a takarda

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki takarda ka jera duk abin da na'urar za ta amsa, ka yi wa kowanne tambaya uku: sau nawa yake faruwa, tsawon wane lokaci zai iya jira, kuma me zai lalace in ya makara?

Ga yadda na famfonmu zai fito. Karant ya wuce iyaka: jefi-jefi yake faruwa, amma jiransa bai wuce 'yan maikurosakan ba, in an makara taransista ta ƙone. Harafin da ke shigowa daga modul ɗin GSM: a gudun 115200 kowane harafi yana cin kusan maikurosakan 87, kuma USART ɗin F103, wato sashen cif ɗinmu da ke karɓar haruffan, harafi ɗaya take riƙewa, in ba ka ɗauke shi da wuri ba na bayansa ya ɓace. A gudun 9600 tazarar ta haura milisakan ɗaya kaɗan. Sensar ruwa irin YF-S201 tana ba da bugu 7.5 a sakan ga kowace lita ɗaya a minti, wato bugu 225 a sakan in ruwa ya kai lita 30 a minti. Lissafin gudun mota: kowane milisakan 10. Duba tanki da alamun rijiya ta kafe: kowane milisakan 50. Sikirin: kowane milisakan 200. Karanta amsar GSM da haɗa saƙo: sau ɗaya a sakan ya wadatar.

Hattara: a nan mutane ke fara karkacewa. Suna jera abubuwa bisa muhimmancinsu a idon mai na'ura. Mai gona zai ce saƙon waya ne ya fi masa komai, kuma gaskiyarsa, amma saƙon in ya makara da sakan biyu ba wanda zai lura. Fifiko na wanda wa'adinsa ya fi gajarta ne.

Mataki na 2: Ware na hadwaya, na intarof, da na aiki

Ba kowane abu ne ya cancanci intarof ba, kuma wasu abubuwan ko intarof ɗin ya yi musu nawa.

Yanke wuta in karant ya yi yawa ka bar wa hadwaya. TIM1, ɗaya daga cikin taimomin cif ɗin, tana da ƙafar birki, BKIN, a kan PB12. In ka haɗa mata kwamfareta, wato da'irar da ke kwatanta karant da iyakar da ka sa, da karant ya wuce iyaka taimar za ta kashe PWM, siginar da ke tuƙa motar, da kanta ba tare da ta jira layin kod ko ɗaya ba. Intarof ɗin da ya biyo baya na sanarwa ne kawai. Ƙirgar bugun ruwa ma ka miƙa wa TIM2 ta ƙafar PA0 ta riƙa ƙirgawa, kai kuma ka leƙa lambar lokaci zuwa lokaci. Intarof 225 a sakan ba nauyi ba ne ga cif mai 72 MHz, amma me zai sa ka ɗauki kayan da taima za ta ɗaukar maka kyauta?

Hattara: PA0 ba ta jure 5V. In sensar ruwan tana fitar da 5V, sa rezisto biyu ka sauke shi zuwa 3.3V.

Haruffan GSM su ne na intarof, ko mafi kyau DMA, sashen da ke kwashe bayani zuwa RAM ba tare da furosesa ba, tare da HAL_UARTEx_ReceiveToIdle_DMA, wadda ke tara saƙo duka ta kira ka in layin ya yi shiru.

Suwic ɗin tanki kuwa, ra'ayina kada a ba shi intarof ko kaɗan. Wayarsa doguwa ce, ta taso daga saman tanki ta bi gefen wayar mota, tana kwaso hayaniyar lantarki duk lokacin da rile ya buga. In tana kan intarof, za ta iya kiran furosesa sau ɗaruruwa a banza. Ruwa ba ya cika tanki a milisakan ɗaya. A duba ƙafar kowane milisakan 50, a yarda da ita in ta ba da amsa iri ɗaya sau uku ko huɗu a jere.

Mataki na 3: Saita lambobin NVIC

Wannan matakin ne ya fi kashe wa mutane dare, don haka zan tsaya a kansa.

NVIC ce ke shirya intarof a cikin Cortex-M, wato furosesar da ke cikin STM32. A STM32F103 tana da matakai 16, daga 0 zuwa 15, kuma ƙaramar lamba ita ce babba: 0 ta fi kowa, 15 ce ta ƙarshe. A FreeRTOS kuwa lambar ayyuka akasin haka take, babbar lamba ita ce babba, 0 ta aikin zaman banza ce da ke gudu in kowa ya kwanta. Ka riƙe shi haka: lambar NVIC matsayin ɗalibi ce a aji, na ɗaya ke gaba, lambar aiki makin jarrabawa ce, mai yawa ke gaba. Sannan ma'aunan biyu ba sa haɗuwa. Intarof mai lamba 15, mafi ƙanƙanta, zai katse aiki mafi girma da ka ƙirƙira.

Ga jerin abin yi a CubeMX.

Na farko, a shafin NVIC ka tabbatar duka bit huɗun fifiko an ba wa katsewa, wato NVIC_PRIORITYGROUP_4. FreeRTOS haka take so. Ƙaramin fifiko na biyu ka bar shi a 0.

Na biyu, a shafin SYS ka ɗauke agogon HAL, wato kod ɗin da kamfanin ST ya tanada don sarrafa cif, daga taimar SysTick ka mai da shi kan wata taima, misali TIM4. FreeRTOS ce ke riƙe da SysTick, ita da PendSV, kuma tana ajiye su a 15. Kada ka taɓa su.

Na uku, buɗe FreeRTOSConfig.h ka nemi configLIBRARY_MAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY. CubeMX tana sa shi a 5. Wannan lambar katanga ce. Duk intarof da zai kira wata fankishan ta FreeRTOS dole lambarsa ta kasance daga 5 zuwa 15. Na 0 zuwa 4 ba su da izinin kiran ko ɗaya, har da masu ƙarewa da FromISR. Dalilin shi ne, duk lokacin da FreeRTOS ke gyara jerin ayyukanta takan toshe intarof na 5 zuwa 15 ta rajistar BASEPRI, ta bar na sama a buɗe. Ribar na saman ita ce ba a taɓa jinkirta su saboda FreeRTOS. Amma in ɗayansu ya shigo ya taɓa jerin ana tsakiyar gyara, ya hargitsa shi.

Ga famfonmu zan raba haka: birkin TIM1 ya samu 2, ba ya kiran FreeRTOS, alama kawai yake ɗagawa. USART da DMA ɗinta su samu 5 ko 6. ADC, mai mai da awon wuta zuwa lamba, ta samu 7. Maɓallan gaban akwati su samu 12. Ka bar giɓi tsakanin lambobin domin abin da zai ƙaru gobe.

HAL_NVIC_SetPriority(USART1_IRQn, 6, 0);

Hattara ta farko: intarof ɗin da ba ka saita wa lamba ba yana tashi da 0. Wato wanda ka manta da shi shi ne mafi girma, yana saman katanga. In ka kunna intarof da hannunka a cikin kod ba ta CubeMX ba, kuma yana kiran xQueueSendFromISR, na'urar za ta iya yin awanni lafiya sannan ta sandare ba gaira ba dalili. Ka bar configASSERT a kunne muddin kana gwaji, domin shi ke kama wannan kuskuren a kiran farko.

Hattara ta biyu: akwai wata lamba mai kama da waccan, configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY, babu LIBRARY a sunanta. Ita an riga an tura ta hagu da bit huɗu, shi ya sa 5 ke zama 80. Kada ka rubuta 5 a wurinta, kada kuma ka ba HAL_NVIC_SetPriority 80.

Masu cif ɗin Cortex-M0, irin STM32F0, matakai huɗu kawai gare ku kuma babu BASEPRI, don haka FreeRTOS tana toshe duka intarof ne in tana gyara. Batun katangar 5 bai taso ba a can.

Mataki na 4: Rage kod ɗin cikin intarof

Abin da ya kamata ISR, wato fankishan ɗin da ke amsa intarof, ta yi uku ne: ta ɗauke bayanin, ta goge alamar intarof, ta tada aikin da zai ƙarasa. Shi ke nan.

void HAL_ADC_ConvCpltCallback(ADC_HandleTypeDef *h)
{
  BaseType_t an_tada = pdFALSE;
  vTaskNotifyGiveFromISR(aikin_mota, &an_tada);
  portYIELD_FROM_ISR(an_tada);
}

Aikin kuma yana kwance yana jira da ulTaskNotifyTake(pdTRUE, portMAX_DELAY). In akwai bayanin da za a miƙa, a yi amfani da layi, wato jerin da saƙonni ke jira a ciki, xQueueSendFromISR. Layin ƙarshe na sama, portYIELD_FROM_ISR, shi mutane ke mantawa. In babu shi aikin zai tashi, amma sai ya jira bugun agogon FreeRTOS na gaba, jinkirin da zai iya kai milisakan ɗaya in configTICK_RATE_HZ 1000 ne.

Hattara: kada printf ta shiga ISR. Layi mai haruffa 40 a gudun 115200 yana cin kusan milisakan uku da rabi, kuma duk intarof da ke ƙasa da kai ko daidai da kai yana tsaye yana jira. HAL_Delay ta fi muni. Tana jiran agogon HAL ya ƙaru, agogon kuma intarof ne. In naka ya fi shi fifiko ko sun yi daidai, ba zai taɓa samun shiga ba, kai ma ba za ka taɓa fita ba.

Duk bariyabul da ISR ke rubutawa aiki yana karantawa, sa mata volatile. Sai dai volatile ba ta kare lissafi irin ƙirga++ daga katsewa a tsakiya, domin karantawa ne da ƙarawa da rubutawa, mataki uku. In ɓangarori biyu ke canja ta, rufe wurin da taskENTER_CRITICAL da taskEXIT_CRITICAL, layi biyu ko uku kawai, kuma ka tuna wannan rufin bai hana na 0 zuwa 4 shigowa.

Mataki na 5: Ba ayyuka fifikonsu

Koma ga takardar Mataki na 1. Wanda ya fi maimaituwa a kusa-kusa shi ke sama. Lissafin mota na milisakan 10 ya samu 4, duba tanki 3, sikirin 2, GSM 1. In wani aiki yana zuwa jefi-jefi amma wa'adinsa gajere ne, bi wa'adin ka ɗaga shi. In ka zaɓi CMSIS-RTOS v2 a CubeMX, matakan 56 ne masu sunaye: osPriorityLow 8, osPriorityNormal 24, osPriorityHigh 40, osPriorityRealtime 48. Ƙa'idar ɗaya ce.

Aikin da ke maimaituwa a rubuta shi haka:

TickType_t farawa = xTaskGetTickCount();
for (;;) {
  lissafin_mota();
  vTaskDelayUntil(&farawa, pdMS_TO_TICKS(10));
}

Bambancinta da vTaskDelay shi ne, vTaskDelay tana fara ƙirga daga lokacin da aka kira ta. In lissafin ya ci milisakan 2 ka kwanta 10, tazararka ta zama 12, kuma tana motsi gwargwadon abin da ya katse ka. vTaskDelayUntil tana ƙirgawa daga farkawar da ta gabata, tazarar ta tsaya a 10.

Hattara: dole kowane aiki ya kasance yana da wurin kwanciya, ko jiran lokaci, ko jiran layi, ko jiran sanarwa. Aiki mai babban fifiko da ke zagaye yana leƙa wata ƙafa ba hutu ya hana duk na ƙasa da shi numfashi. HAL_Delay a cikin aiki ma haka ce, ba kwanciya ba ce, tsayuwa ce riƙe da furosesa.

Kada kuma ka zuba duka ayyuka a osPriorityNormal don gudun tunani. Za su riƙa karɓa-karɓa kowane bugun agogo, lissafin mota ya riƙa jiran sikirin.

Mataki na 6: Auna, sannan ka lissafa

Gani ya kori ji. Ware wa kowane aiki da kowace ISR ƙafa guda, PB0, PB1 da sauransu. Ɗaga ƙafar a farkon kod ɗin, sauke ta a ƙarshe, ka haɗa lojik analaiza. A PulseView za ka ga tsawon kowanne da wanda ya katse wani. Yi amfani da rajistar BSRR kai tsaye don kada awon kansa ya ci lokaci. Ka lura cewa in an katse aiki a tsakiya ƙafarsa tana nan sama, don haka ka cire lokacin waɗanda suka shigo masa kafin ka san nasa na ainihi.

In ba ka da analaiza, Cortex-M3 tana da maƙirgin bugu, DWT->CYCCNT. Kunna shi ta CoreDebug->DEMCR da DWT->CTRL, karanta shi farko da ƙarshe, ka debe. A 72 MHz bugu 72 maikurosakan ɗaya ne, kuma maƙirgin yana cika ya koma sifili cikin kusan minti ɗaya.

Lambar da kake nema ita ce mafi tsawo da ka taɓa gani, ba matsakaiciya ba. Sa bariyabul ta riƙe mafi girma ka bar na'urar ta kwana tana gudu.

Yanzu raba tsawon kowane aiki da tazararsa, ka tara. A ce awonka ya ba da haka: mota 2 cikin 10, wato 0.20, tanki 8 cikin 50, 0.16, sikirin 40 cikin 200, 0.20, GSM 100 cikin 1000, 0.10. Jimla 0.66. In kowane harafin GSM yana tada ISR mai cin maikurosakan 5 a cikin 87, ƙara kusan 0.06, ya zama 0.72. Liu da Layland sun nuna a 1973 cewa in an jera fifiko ta wannan hanyar, ayyuka biyu za su cika wa'adinsu muddin jimlar ba ta wuce 0.828 ba, uku 0.780, huɗu 0.757, biyar 0.743, kuma komai yawansu iyakar ba ta sauka ƙasa da 0.693. Namu ya shiga, amma da ƙyar. Ni a nan zan mai da sikirin kowane milisakan 500, kasonsa ya sauka zuwa 0.08, in samu sarari. Idon mutum ba ya buƙatar lambar lita ta canja sau biyar a sakan.

Wuce iyakar ba ya nufin tilas za a makara, yana nufin lissafin ya daina ba ka tabbaci. Kuma lissafin ya ɗauka cewa ayyukan ba sa jiran juna, wanda shi ne batun mataki na gaba.

Mataki na 7: Kayan da ayyuka biyu ke rabawa

A ce sikirin da wata sensar karant suna kan layin I2C ɗaya, wato waya biyu da suke magana da cif ta kansu. Aikin sikirin ya kama layin ya fara rubutu. Aikin mota ya farka yana son karanta sensa, ya tarar layin a kame, ya kwanta jira. Har nan ba laifi. Sai wani aiki na tsakiya, duba tanki, ya farka. Ya fi sikirin fifiko, ya ture shi. Yanzu babban aiki yana jiran ƙarami, ƙaramin kuma na tsakiya ya hana shi gamawa. Wannan juyewar fifiko ce ta riƙa sa kwamfutar Mars Pathfinder ta Amurka sake tashi a duniyar Mas a 1997, har sai da injiniyoyi suka aika gyara daga nan duniya suka kunna gadon fifiko.

A FreeRTOS maganin yana cikin zaɓin makulli. xSemaphoreCreateMutex tana da gadon fifiko: in babban aiki yana jira, ana ɗaga ƙaramin zuwa matsayinsa har ya saki. xSemaphoreCreateBinary ba ta da shi. Kare kayan rabawa da ta farko. Ta biyu ta sanarwa ce.

Hattara: ba a kama wannan makullin a cikin ISR. Kuma gadon fifiko bai rage tsawon riƙon ba. In sikirin ya riƙe layin milisakan 40, aikin mota ya rasa zagaye huɗu duk da gadon. Ko dai a riƙa kamawa ana saki harafi bayan harafi, ko a raba su, tun da F103C8 tana da I2C biyu. Raba su ya fi sauƙi, waya biyu ne kawai ƙari. Kada kuma ka sa portMAX_DELAY wajen jiran makulli a aiki mai wa'adi. Sa iyaka, ka rubuta abin da za a yi in ta cika, misali a rage gudun mota.

Mataki na 8: Sitak da mai gadi

Sa configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW a 2, ka rubuta vApplicationStackOverflowHook ta kashe mota ta kunna fitila. Bayan na'urar ta yi gudu sosai, kira uxTaskGetStackHighWaterMark ga kowane aiki ka ga abin da ya rage masa. A xTaskCreate girman sitak, wato yankin RAM da aka ware wa kowane aiki, da kalma ake ƙirga shi, kowace bait huɗu, don haka 128 na nufin bait 512. A osThreadNew da cif ɗin ESP32 kuwa da bait ake ƙirgawa. Aikin da ke kiran sprintf, kamar na haɗa saƙon waya, shi ya fi cin sitak.

Mai gadin shi ne IWDG, wanda ke sake tada cif in an daina taɓa shi. Kada ka taɓa shi daga intarof ɗin taima, domin taima za ta ci gaba da bugawa ko da duk ayyuka sun sandare. Kowane aiki ya ɗaga alamarsa in ya gama zagaye, wani ƙaramin aiki ya duba cewa duka sun ɗaga kafin ya kira HAL_IWDG_Refresh.

Hattara: agogon IWDG a F103 kusan 40 kHz ne, amma takardar cif ɗin ta ce yana iya zama tsakanin 30 da 60. In ka lissafa sakan ɗaya, zai iya ƙarewa a kashi biyu cikin uku na sakan. Ba shi sarari.

Mataki na 9: Gwada shi a mafi munin hali

Gwajin kan tebur da fanka a kanka ba ya nuna komai. Ka haɗa masifun wuri ɗaya: ruwa yana gudu iyakarsa, kana turo wa modul ɗin saƙo a jere, kana latsa maɓallai, rile yana bugawa, analaiza tana kallo. A kowane aiki mai tazara sa maƙirgi da ke ƙaruwa duk lokacin da ya wuce wa'adinsa, haka ma kuskuren ORE na USART, mai nuna harafi ya ɓace. Burinka su tsaya a sifili.

Ka saka ajiye bayani a filash cikin gwajin. Goge shafi ɗaya a F103 yana cin milisakan 20 zuwa 40, kuma a wannan lokacin furosesa ba ta iya ɗauko kod daga filash, har da na ISR mai lamba 0. Shi ya sa muka bar yanke wuta a hannun BKIN. In kana son ajiye jimlar lita, yi shi lokacin da mota ke tsaye, ko ka sa EEPROM ta waje.

Sannan ka fitar da akwatin rana. Cif mai 6 a ƙarshen sunansa an yi shi ya jure har digiri 85, amma a Afrilu zafin Sakkwato yana haura 40 a inuwa, akwatin ƙarfe a rufe a tsakiyar gona kuwa ya fi haka nesa. Ka tabbatar kana kan kiristal na waje mai 8 MHz, domin agogon cikin cif yana karkacewa da zafi, USART ce kuma ke fara nuna alama.

In na'urar ta sake tashi da kanta, kada ka yi gaggawar ɗora wa fifiko laifi. Modul irin SIM800L yana fizgar karant har amfiya 2 lokacin aika saƙo, in wutar ba ta da ƙarfi sai ta ja cif ɗin ƙasa. Karanta rajistar RCC->CSR a farkon main ka ga wace alama ce a ɗage. In IWDGRSTF ce, koma Mataki na 5 zuwa 7 ka nemo aikin da ya maƙale. In PORRSTF ce, wuta ce ta faɗi, sai ka ƙara babbar kafasita kusa da modul ɗin ka ba shi layin wutarsa daban. Bayan ka karanta, goge alamomin da RMVF, in ba haka ba na jiya za su gauraya da na yau.